Burusketa ta tumatir a wannan bazara: yaya ake yi burodin bai jiƙe ba?

Maman Ramatu, Sabon Gari

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana girki. Da zafin nan da ake tafkawa a Damagaram, ba mai son tsayawa gaban murhu da magariba, yara ma ba sa iya cin abu mai nauyi da dare. Shi ya sa nake son in iya abincin nan na Italiya da ake kira burusketa, gasasshen burodi da yankakken tumatir a kai. Abu uku ne suka sha mini kai. Burodin yana jiƙewa ya yi laɓo-laɓo tun kafin a kai shi tabarma. In na ƙara gasa shi don ya jure, sai ya koma kamar tsakuwa, yana yankan dasashi. Ga tafarnuwar kuma tana yin ɗaci da zafi har ta danne komai. Wane burodi ya dace cikin wanda muke samu a gari? Tumatir nawa, gishiri nawa, mai nawa ga mutum 4? Dole ne sai da man zaitun, ko man gyaɗarmu zai yi? Ganyen da suke sawa kuma, ɗoɗɗoya ce ko wani abu daban? A taimaka da awo daidai, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Kuku, Birni

Wa alaikumus salam Hajiya. Matsalar farko da ta biyu uwarsu ɗaya: ruwan tumatir yana haɗuwa da burodi tun lokaci bai yi ba, ke kuma kina neman maganin abin a wajen wuta, alhali a wajen tumatir yake.

Sunan kansa yana faɗin girkin. Da rubutun Italiya bruschetta ne, ana furta shi da k, burusketta. Ya samo asali daga bruscare, kalmar mutanen Roma mai nufin gasawa a kan garwashi. Abincin manoman tsakiyar Italiya ne. A yankin Taskani sunanta fettunta, wato yankan burodin da ya sha mai, kuma can tumatir ma ba ya shiga: burodi, tafarnuwa, gishiri da sabon man zaitun da ake matsewa wajen watan Nuwamba. Tumatir baƙo ne, sai a ƙarni na 16 ya iso Turai daga nahiyar Amurka. Saboda haka burodin shi ne uban tafiya. In bai yi ƙaras-ƙaras ba, salatin tumatir kika yi, ba burusketa ba.

Ga awon mutum 4. Dogon burodi irin baget guda 1, zai ba ki yanka 14 zuwa 16. Tumatir giram 600, wato dogaye irin wanda ake kira Roma kamar 8, masu tauri, jajaye. Gishiri rabin ƙaramin cokali, giram 3 ke nan. Tafarnuwa ƙwaya 2. Mai babban cokali 3, mililita 45. Ganyen nan mai ƙamshi da kika tambaya, guda 10. Ɗan masoro in kina so. Lemun tsami rabi a ajiye gefe, mai yiwuwa ba za a taɓa shi ba.

Da tumatir ake farawa, tun ba a hura wuta ba. Ki raba kowane gida 4 a tsaye, ki sa babban yatsa ki kwashe ƴaƴan da ruwan yauƙin da ke kewaye da su, ki cire farin gindin nan mai tauri. Naman da ya rage ki yanka shi ƙanana, kowane kamar santimita 1, girman ƙwayar gujiya ƙarama. In ya fi haka girma zai riƙa gangarowa daga kan burodin, in ya fi haka ƙanƙanta ya zama markaɗe. Wuƙar ta zama mai kaifi sosai, don dakusasshiya murƙushe tumatir take yi, ruwan ya tsiyaye a kan katako. Sai ki zuba shi a gwagwa ko kwandon tsane shinkafa, ki barbaɗa gishirin nan duka, ki jujjuya da hannu a hankali, ki ɗora a kan kwano ki rufe. Ki ba shi minti 20. Gishiri yana janyo ruwan da ke cikin naman tumatir zuwa waje, ko kin so ko ba ki so ba. Tambayar kawai ita ce a ina ruwan zai sauka, a kwano ko a cikin burodinki. Wanda ya sa gishiri ya ɗora nan take, burodinsa ne ya zama kwanon. Za ki ga ruwa ya taru a ƙasa, kuma tumatirin da ya rage ɗanɗanonsa ya ƙara ƙarfi.

Bayan ya tsane ki juye a busasshen kwano, ki zuba mai cokali 2, ki bar cokali 1 don burodi. Man yana lulluɓe kowane yanka ya rage saurin fitar sauran ruwan. Ki ɗanɗana. In tumatirin ya yi lami, nan ne lemun tsami zai shigo, ƙaramin cokali 1, ba ƙari. In da ma yana da tsaminsa, ki ƙyale lemun. Kada ki sa dunƙulen ɗanɗano, ba gurbinsa a nan, gishirinsa kuma zai sake tatso wani ruwan.

Burodi ki yanka shi a karkace don ya yi faɗi, kaurin santimita 2, kaurin babban yatsa. Siririn yanka shi ne yake zama tsakuwar da kika faɗa, don wuta tana busar da shi har tsakiya. Ana son baya ya gasu, ciki ya rage da ɗan laushi, wannan kuwa sai da wuta mai ƙarfi da lokaci kaɗan. A murhun gawayi, ki jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi jajir farar toka ta fara rufe shi. Ragar gashi ta zauna kamar santimita 10 zuwa 15 sama da garwashin. Minti 1 kowane gefe yakan isa, kada ki matsa ko nan da ƙofa. Launin da ake nema shi ne na soyayyar gyaɗa, da ɗan baƙi-baƙi a gefe. Wuta mai sanyi da dogon lokaci, ita ce ke haifar da burodin da ke fasa baki.

Tafarnuwa kuma, ba a daka ta a zuba cikin tumatir. Da zarar an daka ta, sinadarin da ke ba ta zafi yana fitowa gaba ɗaya, in ta zauna kuma sai ƙarfinta ya ƙaru ta mamaye kwanon. Abin da ake yi, a ɓare ƙwaya, a raba ta biyu, in akwai koren tsiro a tsakiya a cire shi, sannan a goga gefen da aka yanka a fuskar burodin yana da zafi. Gasasshiyar fuskar tana aiki kamar magogi. Shafa 2 a kowane yanka, gefe ɗaya kawai. Kan na yara shafa 1.

Daga nan sai ɗigon mai a kan burodin, a yayyaga ganye da hannu a cikin tumatir, a ɗebo da cokali mai huda, babban cokali 1 da ɗan tozo a kowane yanka. Daga ɗorawa zuwa baki kada ya wuce minti 5. Abin da ya fi ma, Hajiya, ki kai tiren burodi daban, kwanon tumatir daban, kowa ya ɗora nasa ya ci.

Baba Mai Lambu, Mirya

Ɗiyata, bayanin Malam Kuku ya yi, amma ya yi shi kamar a watan Janairu muke, lokacin da tumatirin lambunan Mirya da Gidimuni yake cika kasuwar Dole ana roƙon mutane su saya. Yanzu bazara ce, kayan ba ɗaya ba ne, kuma gara ki san dalili.

Tumatir ba ya son zafin da ya wuce kima. In zafi ya haura digiri 30 zuwa 32, jan launin nan ba ya haɗuwa a jikinsa yadda ya kamata, sai ya nuna ruwan ɗorawa-ɗorawa, kafaɗarsa ta tsaya kore ko rawaya da tauri. In ya kai 35 ya zauna, furen ma zubewa yake yi bai ɗaura ba. Watan Afrilu da Mayu kuwa kin san mukan wuce 40. Shi ya sa yake ƙaranci, ya yi tsada, wanda ake samu kuma rana ta dafa shi tun yana kan uwarsa. Abincin da tumatir ɗanye ne jigonsa ba ya ɓoye aibin tumatir, ba kamar miya ba.

In kin je saye, kada ki karɓi kashin da aka riga aka kasa ba ki duba ƙasansa ba. Ki ɗauka ki ji nauyinsa a hannu, ki sansana wajen gindi, mai kyau yana da ƙamshin ganyen tumatir. Ki guji mai farin tabo a gefe ɗaya kamar fatar da ta ƙone, wannan ƙunar rana ce, naman ƙarƙashinta ba daɗi. Ki guji mai baƙin tabo a ƙasa, ta gefen da ba hula, wanda ban ruwa marar tsari yake kawowa. Ki ɗaga ɗan koren hular nan ki duba, in da ƙananan huda kamar na allura, tsutsa ta shiga. Dogo ya fi kewayayye a wannan aiki don namansa ya fi yawa, ruwansa kaɗan. Da sassafe ake sayensa, kafin ya wuni a rana a kan tire.

Wanda bai gama nuna ba, kada ki shanya shi a rana, haske ba ya nunar da tumatirin da aka tsinka, dafa shi kawai yake yi. Ki kife shi gindi a ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, kusa da randa, kwana 2 ko 3. Firigo kuma yana kashe masa ƙamshi in ya daɗe, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12 ba ya yi masa kyau. Amma a zafinmu, wanda ya riga ya nuna sarai gara firigo da ya ruɓe a kwando. Ki fito da shi minti 30 kafin yanka.

Inda na saba da Malam Kuku shi ne ruwan yauƙin nan na ciki. Kwashewa daidai ne, zubarwa asara ce, don ɗanɗanon tumatir ya fi taruwa a nan fiye da naman. Ki tace shi a rariya ki raba shi da ƴaƴan, ki ɗebi cokali 1 ki kaɗa da man kafin ki zuba. Sauran, haɗe da wanda ya tsane a kwano, ya shiga miyar gobe.

In kuma tumatirin kasuwa ya ƙi gaba ɗaya, akwai kauɗa. Ki ɗebi tafin hannu 1 na busasshen tumatir mai ja, ba wanda ya yi baƙi ba, ki wanke shi sau 3 saboda yashi, ki tafasa shi minti 5, ki matse, ki yanka ƙanana ƙwarai ki haɗa da ɗanyen. Kashi 1 na kauɗa, kashi 4 na ɗanye. Zai ɗaga lamin nan ya ba shi zaƙi da ɗan tsami.

Mai Gidan Burodi, Zango

Hajiya, kan burodi zan tsaya. Burodin gwangwani mai laushi da sukari, wanda ake shan shayi da shi, ki cire shi daga lissafi. Sukarin da ke cikinsa yana ƙonewa kafin fuskar ta bushe, sai ki samu baƙi a waje, danƙo a ciki, kuma cikinsa ba shi da ƙashin da zai ɗauki tumatir, yana shan ruwa ya lotse. Baget ake so, wanda fulawa, ruwa, gishiri da yis ne kawai a cikinsa. Ki zaɓi mai ɓawo ja wanda in kin matsa yana ƙara, mai ɗan nauyi a hannu. Wanda ya kumbura ƙwarai amma ba nauyi, iska ce a cikinsa, in an yanka rugujewa yake.

Za ki ji ana cewa burodin jiya ya fi. Gaskiya ne a ƙasar da iskarta take da laima. A nan Damagaram kafin saukar damina, baget ɗin da ya kwana a buɗe ya zama sanda. Na safe da aka naɗe a tsumma mai tsabta, shi ne daidai da magariba. In kina son ya kwana, tsumma tukuna sannan leda. Leda kaɗai tana sa ɓawon ya yi taushi kamar roba. Kuma kada ki yanka shi sai wuta ta shirya, minti 15 a buɗe ya isa iskar bazara ta busar da yankan, ki ɗora a wuta ya ƙarasa zama tsakuwa. Wanda ya riga ya bushe, ki jiƙa hannu ki shafa masa ruwa sama-sama kafin gashi. Wuƙa mai haƙora ta fi, a ja ta kamar zarto ba tare da dannawa ba.

Gawayin kuma, don Allah kada a kunna shi da leda ko kananzir. Burodi yana kwasar wari fiye da nama, ba abin da zai fitar da shi.

Wanda ba shi da raga, kasko mai kauri a kan gas ya wadatar. A nan na ɗan bambanta da Yaya Kuku, wanda ya ce mai sai bayan gashi. A kan garwashi haka ne, don mai yana ɗiga ya tada harshen wuta ya yi wa burodin hayaƙi. A kasko kuwa, busasshen yanka ba ya taɓa ƙarfen ko'ina, sai ya gasu dabbare-dabbare. Ki shafa masa mai kaɗan da bayan cokali a gefe biyu, wuta matsakaiciya, minti 2 zuwa 3 kowane gefe, ki ɗan danna shi da murfin tukunya. Mai tanda ta zamani ya sa digiri 200 zuwa 220, minti 6 zuwa 8, a juya a tsakiya, sai dai tanda ta fi busar da ciki.

In kin sauke, kada ki jibga su kan juna, kada ki rufe su a kula. Tururin da ke fita daga na ƙasa zai jiƙa na sama, aikin ya koma baya tun tumatir bai zo ba. Ki jingina su a tsaye a gefen tire, ko ki bar su a kan raga nesa da wuta.

Hajiya Inna, Garin Malam

Ƙanwata, maganar mai da ganye ba wanda ya amsa miki.

Man zaitun shi ne ɗanɗanon asali, in da hali a neme shi. Amma a kula, ba kowace kwalba mai hoton zaitun ce ta ci ba. Ƙananan kwalaben da ake sayarwa don shafawa da magani, wasu gauraye ne, wasu sun shekara a rana. Ki karanta jikin kwalbar. In an rubuta vierge extra, shi ne matsin farko, wanda tsaminsa bai wuce kashi 0.8 cikin 100 ba, shi ake ci ɗanye. In kin ga kalmar grignons, daga tunkuzar zaitun aka tatso shi, ba shi da ƙamshin da ake nema. Ki duba kwanan wata, ki zaɓi kwalba mai duhu ko gwangwani, kada ki ɗauki wadda ke jere a inda rana take bugu. Mai kyau yana da ƙamshin ɗanyar ciyawa, yana ɗan kartar maƙogwaro, wannan ba lalacewa ba ce. Wanda ya lalace warin tsohuwar gyaɗa yake yi. A gida ki ajiye shi nesa da murhu, a rufe.

Man gyaɗa zai yi, kuma ni a ganina sabon man gyaɗa na masu ƙuli ya fi tsohon man zaitun da ya sha rana sau goma. Ɗanɗanon zai canza, Ba'italiye ba zai kira ta tasu ba, amma gyaɗa da tumatir da tafarnuwa ba baƙin juna ba ne a bakinmu. Sharaɗi ɗaya, a kashe masa gafi: ki ɗora shi a wuta da yankan albasa 2 har albasar ta yi ja, ki tsame ta, ki bar shi ya huce sarai. Ki rage awon zuwa cokali 2, don ya fi man zaitun cika baki. Man da ake aunawa a jarka, marar ƙamshi, ba abin da zai ƙara sai maiƙo. Manja da man shanu kuwa ba nan ne wurinsu ba.

Ganyensu ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne, dangi ɗaya, amma nasu ya fi faɗi da laushi, ƙamshinsa mai sanyi. Tamu ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. In ita za ki sa, inda aka ce ganye 10 ki sa 3 ko 4, matasan da ke kan reshe, waɗanda ba su yi fure ba. Da hannu ake yaga su a minti na ƙarshe, don wuƙa da tsamin tumatir suna mai da su baƙi. In babu, na'ana'ar shayi ganye 5 ta fi busasshen ganyen gwangwani. Irin nasu kuma yana fitowa a tukunyar ƙasa a tsakar gida, yana son zafi, in dai zai samu ruwa kullum da inuwa da azahar.

Albasa ba ta cikin na asali. Mai so ya sa rubu'in ƙaramar jar albasa irin ta Galmi, a yanka siriri, a jiƙa a ruwa minti 10 don zafinta ya fita, a matse. Attarugu ɗan mitsitsi ba laifi ga manya.

Don ta zama abincin dare na sosai, yanka 4 ga babban mutum ba za su riƙe shi ba sai da abin haɗi. Dafaffen ƙwai, ko sardin na gwangwani da aka tsane, ko farin wake da aka dafa ya yi laushi aka murje da mai aka shafa a ƙasan tumatir, wanda su ma mutanen Taskani suna ɗora wake a kan tasu. Waken yana da wani amfani, yana tsayawa tsakanin ruwa da burodi. Cuku da aka ɗan gasa aka marmasa a sama ma yana tafiya da ita ƙwarai.

Ma'aikaciyar Lafiya, Tudun Jamus

Hajiya, tunda ɗanye za a ci kuma da yara, ga abin da bai kamata a yi sakaci da shi ba. A wanke tumatir yana ɗungum, kafin wuƙa ta taɓa shi, da ruwan da za ki iya sha. In an yanka tukuna, wuƙa ta riga ta kai dattin fata cikin nama. Ki cire hular, ki murza kowane da hannu. Kada ki tsoma tumatirin da ya ɗau zafin rana cikin ruwan ƙanƙara ko ruwan randa mai sanyi, don iskar da ke cikinsa tana tsukewa ta zuƙo ruwan wankin ta gindi, da duk abin da ke cikin ruwan. Ki bar shi ya huce a inuwa tukuna. Mai amfani da ƙwayar tsabtace ruwa ko maganin wanke salati ya bi awon da ke jikin takardar, ya ɗauraye da ruwa mai tsabta, sannan ya tsane. Ganyen ma haka. Katako da wuƙar da suka taɓa ɗanyen nama ko kaza ba sa zuwa kusa sai an wanke su da sabulu.

Yankakken tumatir ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a cikinsa, tsaminsa bai kai ya hana su ba. Ƙa'idar ita ce awa 2 a waje, amma in zafi ya wuce digiri 32, awa 1 ce. Minti 20 na tsanewa suna cikin lissafin, saboda haka a yanka dab da ci, a rufe saboda ƙuda. Wanda ya wuni a firigon da wuta ta ɗauke ta dawo, kada a ci shi ɗanye. Ragowar da ba ta wuce lokaci ba a juye ta a tukunya a tafasa.

Sannan kada a daka tafarnuwa a zuba cikin kwalbar mai a ajiye a kicin don sauƙin gobe. Tafarnuwa daga ƙasa take fitowa, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke rayuwa inda ba iska, cikin mai kuwa ba iska. Gubar da take fitarwa tana shanye jijiyoyi, kuma ba lallai ta canza wari ko launin man ba. Gogawar da Malam Kuku ya faɗa ta raba ki da wannan.

Maman Ramatu, Sabon Gari

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura ɗaya, Malam Kuku. In baƙi ne kamar 12, ba zai yiwu ina gashi suna zaune ba. Me zan iya gabatarwa tun da la'asar, me kuma zai jira?

Tsohon Kuku, Birni

Ki ninka komai sau 3, Hajiya: baget 3, tumatir kilo 1 da giram 800, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, mai cokali 9. Tafarnuwa kam ba sai an ninka sau 3 ba, ƙwaya 4 ta isa. Ki raba tumatirin a gwagwa 2, in ya yi tsibi a guda na tsakiya ba ya tsanewa.

Da la'asar ki wanke tumatir da ganye ki tsane su ba yanka, ki ɓare tafarnuwa, ki soya man in na gyaɗa ne, ki dafa ƙwai ko wake. Saura minti 45 a ci, ki hura gawayi. Saura minti 30 ki yanka tumatir ki sa gishiri, in da mai taya ki ku yi tare don kada ya ja lokaci. Yana tsanewa kina yanka burodi kina gasawa, yanka 45 a raga mai ɗaukar 12 zubi 4 ne, minti 10 zuwa 12. A samu yarinya a gefe tana goga tafarnuwa tana jingina su, don in sun huce tafarnuwar ba ta kamawa sosai. In dole sai an gasa da wuri, ki gasa su rabi, ki bar su a raga a rufe da tsumma mara nauyi, in baƙi sun zauna ki mayar da su kan garwashi daƙiƙa 20 kowane gefe, sannan tafarnuwa. Ki sa cokali mai huda a kowane kwano, ki ɗan tokare gindin kwanon ta gefe ɗaya don ruwan da zai sake fita ya taru a ƙasa, nesa da inda ake ɗiba.